Jarin Kurmi, Taskar Ƙanƙara, Da Gonar Mutumin Dawakin Tofa

 Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ajiye mas'alolin ciniki da na aikin ofis da muka saba tattaunawa a wannan fili, mu yi magana a kan ruwa da itace da ƙasar noma. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne halin da gonakin arewacin Kano suke ciki. Wanda ya bi hanyar Katsina, ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, ya kutsa cikin ƙasar Dawakin Tofa, zai ga gona manne da gona, babu daji a tsakani, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye cikin shuka. Zai kuma ga tulin itacen sayarwa da buhunan gawayi a bakin titi, ga wasu gonaki an yanka su fuloti-fuloti. Nufinmu mu bayyana abin da ake asara idan waɗannan itatuwa suka tafi. Amma ba a gane wannan sosai sai an auna ƙasarmu da waɗansu ƙasashe biyu da suka yi hannun riga da juna, watau kurmi mai yawan ruwa na tsakiyar duniya, da filayen ƙanƙara na can ƙuryar arewa, waɗanda masana suke kira tundura.

Mas'ala ta farko: abubuwa biyu masu zagayawa

Zagayen ruwa ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Rana tana dukan teku da tabki da ƙasa, tururi ya tashi, ya zama girgije, ya sauko ruwa, wani ya nutse cikin ƙasa ya cika rijiyoyi, wani ya bi rafi ya koma teku. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne rabon da ganye yake da shi cikin wannan aiki. Itace yana tsotso ruwa da saiwarsa, ya fitar da shi tururi ta ƙananan ƙofofin ganyensa, kamar yadda randar da maginan tukwane na Dawakin Tofa suke ginawa take tsattsafo a jikinta, ruwan cikinta ya yi sanyi.

Na biyu shi ne abin da ake kira kabon. Hanya mafi sauƙi ta saninsa ita ce a dubi gawayi, domin gawayi kusan kabon ne zalla, kuma sunan ma daga kalmar gawayi ya samo asali a harshen Rumawan da. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Abin mamaki kuwa, daga iska itace yake samo shi. Ganye yana shaƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana, ya gina kututture da reshe da 'ya'ya. Sa'an nan kabon ɗin ya koma iska ta hanya uku: ko a ƙone itacen, ko mutum da dabba su ci su fitar da shi cikin numfashi, ko ya ruɓe. Iskar kabon tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin kashi 280 nata cikin kashi miliyan na iska, yanzu kuwa ta haura 420, shi ne asalin ƙarin zafin da duniya take fama da shi.

Tun da yawancin masu karatunmu 'yan kasuwa ne da ma'aikata, bari mu yi misali da abin da suka sani. Kowace ƙasa tana da jari na ruwa da na kabon. Tambaya biyu ake yi mata: ina take ajiye jarin, kuma da wane sauri yake juyawa?

Mas'ala ta biyu: kurmi

Kurmi mafi girma shi ne na Amazon a Amurka ta Kudu, yawancinsa cikin ƙasar Barazil, sai na Kwango. Mu ma muna da ragowar namu a kudu, kamar na tsaunukan Oban a Jihar Kuros Riba da na Okomu a Jihar Edo. A irin waɗannan wurare ruwan shekara yakan kai milimita 2,000 zuwa 3,000, zafi kuwa yana nan wajen awo 26 ko 27 rani da damina. Babban itace guda yakan fitar da ɗaruruwan litoci na tururi a yini. Wani masanin Barazil, Eneas Salati, ya nuna a ƙarshen shekarun 1970 cewa kusan rabin ruwan da yake sauka a Amazon daga tururin kurmin kansa yake fitowa. Iska ta ɗauko ruwa daga teku, ya zuba, ganye ya mayar da shi sama, ya sake zuba can gaba, haka har sau da yawa kafin ya kai ga duwatsun yamma. Ashe kurmi yana da hannu wajen shayar da kansa.

Kabon ma haka yake gudu. Ganye yana aiki wata goma sha biyu ba hutu, kuma wanda ya faɗo ƙasa, gara da funfuna da ƙananan halittu suna cinye shi cikin 'yan makonni ko watanni, saiwa ta tsotse amfaninsa nan take. Saboda haka babban jarin kurmi a jikin itatuwansa yake, har hekta guda takan riƙe tan 100 zuwa 200 na kabon a tsaye. Ƙasar da ke ƙarƙashi kuwa, a yawancin wurare, matalauciya ce, ruwa ya wanke ta. Shi ya sa manomin da ya sare kurmi ya ƙone yakan sami amfani shekara biyu ko uku, sa'an nan gonar ta gaji. Misalin kurmi shi ne ɗan kasuwar da dukan jarinsa yake cikin haja a rumfa, yana juyawa safe da yamma, ba shi da ajiya a gida. Ribarsa mai yawa ce, amma ranar da gobara ta ci rumfar ya tsiyace.

Mas'ala ta uku: tundura

Tundura tana shimfiɗe a arewacin Rasha, watau Saiberiya, da arewacin Kanada da Alaska. Fili ne fetal ba itace, sai gansakuka da gajerun ciyayi da 'yan tsire-tsire masu rarrafe. Da hunturu sanyi yakan wuce awo 30 ƙasa da sifiri, rana ta ɓace makonni, lokacin tsiro kuwa bai fi kwana 50 zuwa 60 ba. Ruwan da take samu a shekara, har da ƙanƙara, bai cika wuce milimita 250 ba, watau bai kai na Damagaram ba. Duk da haka, da bazararsu ta zo sai wurin ya zama fadama da kududdufai iyakar ganin ido.

Dalili biyu suka jawo haka. Na ɗaya, rana ba ta da ƙarfin da za ta ɗauke ruwan. Na biyu, ƙasar a daskare take shekara da shekaru, a waɗansu wurare na Saiberiya zurfin daskarewar ya wuce mita 1,000. Fatar sama kawai take narkewa, kamu ɗaya ko biyu, abin da ke ƙarƙashi kuwa ya zama kamar daɓen siminti, ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan ba ya hawa, ba ya sauka, sai ya kwanta.

Tsiro kaɗan ne a can, amma ruɓewa ta fi shi ƙaranci, domin sanyi ya ɗaure ƙananan halittun da suke wannan aiki. Ciyawar bana ta mutu ta kwanta a kan ta bara, haka har dubban shekaru. A shekarar 2007 aka tsinci gawar 'yar giwar zamanin da, irin mai gashin nan, a yankin Yamal na Rasha, da fatarta da namanta, alhali ta yi kimanin shekara 42,000 da mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa daskararriyar ƙasar arewa tana riƙe da wajen tan biliyan 1,500 na kabon, kusan ninki biyu na wanda yake cikin iskar duniya duka. Misalin tundura shi ne mutumin da cinikinsa ƙanƙane ne, amma tun kaka da kakanni ake binne ɗan abin da ya ragu cikin tulu, har ya zama taska. Makullin wannan taska kuwa sanyi ne.

To, ga bambancin a taƙaice. A kurmi ruwa yana sama yana yawo, kabon yana jikin itace, kome yana juyawa da sauri. A tundura ruwa yana ƙasa a daskare, kabon yana binne, kome yana tafiya a hankali. Kuma kowannensu yana da hanyar karyewarsa. Kurmi gatari da wuta suke karya shi: wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa kudu maso gabashin Amazon, inda aka fi sara, ya koma yana fitar da kabon fiye da yadda yake shaƙa. Tundura zafi yake karya ta: tun daga 1979 yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya, ƙasa tana narkewa, tsohuwar ajiya tana ruɓewa tana fita iska. A 2007 wuta ta ci kimanin murabba'in kilomita 1,000 na tundurar Alaska, kuma a ƙarshen 2024 hukumar Amurka mai lura da teku da sararin sama ta bayyana cewa tundura, wadda ta yi dubban shekaru tana tara kabon, ta koma mai fitar da shi.

Mas'ala ta huɗu: ina ƙasarmu ta tsaya?

Yanzu mu komo gida da wannan ma'auni. Ƙasar Kano takan sami ruwa wajen milimita 800 a shekara, ninki uku na tundura ke nan, amma cikin wata huɗu ko biyar yake zuba, mafi yawa a Agusta. Abin da rana da iskar hunturu suke iya ɗaukewa a shekara kuwa ya kai kusan ninki biyu na abin da yake sauka. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwa ba ya daɗewa a samanta. Ga shi kuma ruwan ba shi da alkawari: a 1973 abin da Kano ta samu kusan rabin na al'ada ne, aka sake shan wuya a 1983 da 1984, kuma tarihi bai manta da yunwar Kakalaba ta 1914 ba.

Ta fuskar kabon, muna da zafin kurmi mai saurin cinye duk abin da ya faɗi ƙasa, gara ba ta barin kara ya kwana biyu, amma ba mu da ruwan kurmi mai mayar da gurbi duk shekara. Ba mu kuma da sanyin tundura mai adanawa. Saboda haka kabon da ke cikin ƙasar gonakinmu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin kuwa, watau baƙin ruɓaɓɓen ganye da taki, shi ne yake riƙe danshi tsakanin ruwa da ruwa, shi ne yake riƙe takin zamani kada ya zurare. Gonar da ta rasa shi ko an zuba mata buhu nawa, kamar zuba ruwa ne a kwando.

To, ƙaƙa aka yi ƙasa mai wannan rauni ta ciyar da jama'a mai yawa haka, ana nomanta kowace shekara ba a barinta ta huta? Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851 ya tarar da karkararta a nome, cike da ƙauyuka. Amsar ita ce hannun mutum. Abin da kurmi yake yi da ruwa, tundura take yi da sanyi, manomin Dawakin Tofa da na Tumfafi da na Kwa da na Tattarawa da guminsa yake yi. Yana shuka gero da dawa, ya ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Ya tara kara da harawa ya ba awaki da tumaki a turke, ya kwashe takinsu da tokar murhu da sharar gida ya mayar gona kafin ruwa ya sauka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya rubuta yadda a shekarun 1960 jakuna suke shiga birnin Kano da itace su fito da mangalar taki. Binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1980 a kan itacen girki ya gano cewa gonakin da ke kusa da birni sun fi na nesa yawan itatuwa, domin a nan kowane itace yana da mai shi, ana sassabe reshensa a bar uwar.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ya saɓa wa 'yan'uwansa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa yana zuba daidai lokacin da shuka take bukatar taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye cikin buhun yuriya, 'ya'yansa abincin dabba ne lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin kuma su yi kashi a inuwarsa. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sarari. Itatuwan gona gaba ɗaya suna karya ƙarfin iska, suna rage zafin ƙasa, saiwarsu tana buɗe wa ruwa hanyar nutsewa maimakon ya kwashi ƙasa ya yi zaizaya. Su ne uwar kuɗin gona. Wanda ya sare gawo ya sayar wa mai gawayi, ya ci uwar kuɗi ne yana tsammani riba ya ci, kuma kafin wani ya girma ya maye gurbinsa, ɗan da aka haifa a ranar ya isa aure.

Mas'ala ta biyar: igiyar da ta ɗaure mu da su

Kada mai karatu ya ce ina ruwan Dawanau da Amazon. Iskar damina da take kawo mana ruwa daga tekun kudu take tasowa, kuma ta kan kurmin kudu take bi kafin ta iso mu. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa a yawancin ƙasashen zafi, iskar da ta ratsa ta kan daji mai duhu takan ba da ruwa aƙalla ninki biyu na wadda ta bi ta kan fili. Saran kurmi a kudu ke nan ba lamarin mutanen kudu kaɗai ba ne. Haka kuma ƙurar Sahara, irin wadda hunturu yake lulluɓe mu da ita, tana haye teku ta sauka a Amazon. Masanan hukumar sararin samaniya ta Amurka sun ƙiyasta a 2015 cewa wajen tan miliyan 27 take zuba can a shekara, ɗauke da takin da ruwa yake wanke wa kurmin. Kabon da tundura take saki kuwa yana gauraya da iskar duniya, ya ƙara zafin da yake busar da gonarmu.

Amma a nan tilas mu yi adalci. Matar da take hura murhu a Jalli ba ita ta narkar da ƙanƙarar Saiberiya ba. Mafi yawan wannan nauyi yana wuyan ƙasashen da suka yi shekara da shekaru suna ƙona kwal da man fetur. Haka nan ba ma ce wanda ya bar gawo goma a gonarsa girgije zai tsaya a kanta ba. Abin da muke cewa shi ne, ruwan da ya samu, kaɗan ne ko mai yawa, zai fi daɗewa a ƙasarsa. Muna fita roƙon ruwa idan fari ya tsananta, kuma daidai ne. Sai dai wanda ya roƙi abu, hankali ya hukunta ya tanadi mazubin da zai tare shi.

Abin da ya kamata

Akwai abin koyi kusa da mu, wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin 1984, manoman can suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututtura a ƙone, sai a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a gyara shi ya tashi. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa dabarar. An ƙiyasta cewa ta haka aka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba da kuɗin reno ko ban ruwa ba. Babban sirrin kuwa shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba mai zuwa ya ci shi tara a kansa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gona da na daji da na ƙananan hukumomi, su sa wannan a gaba. Dashen bikin shekara da ake yi a ɗauki hoto a watse, akuya ta cinye kafin mako, bai kai rainon toho ɗaya amfani ba. Masu yanka fuloti su bar manyan itatuwa a tsaye, a kuma kiyaye hurumi da burtali, waɗanda magabata suka keɓe domin amfanin jama'a. Kalmar hurumi kanta daga tushen Larabci mai ma'anar hani ta fito, watau wurin da aka hana mutum ɗaya ya mallake.

Ga 'yan kasuwa, musamman na Dawanau, ku sani buhun da kuke aunawa daga wannan ɗan baƙin ƙasa ya fito. Wanda yake da hali ya sa jari a harkar murhu mai tsimin itace da tukunyar gas mai sauƙin kuɗi, domin tsadar kananzir da gas ita take mayar da gidajen birni ga gawayi. Wanda ya sayi gona a ƙauye ya riƙa kai mata taki kamar yadda yake kai mata iri. Wanda kuma yake neman sadaka mai gudana, rayar da itacen da mutum da dabba za su amfana da shi bayan ransa yana cikinta.

Ga magada kuma, idan an zo rabon gona, a yi wa itatuwan ƙima a tsaye, wanda suka faɗa rabonsa ya biya 'yan'uwa bambancin, kada a sare su don a sami abin rabawa a hannu. Mahaifinku ya gaji gawon nan ne daga wanda bai sare shi ba, kuma akwai masu zuwa bayanku da za su nemi abinci a wannan gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu fari da ambaliya, Ya sa mu bar ƙasa fiye da yadda muka same ta.